Jirgin da Muka Ɗora a Kan Dutsen Sussuka

Ranar Asabar da ta wuce samari uku suka zauna a bencin shagona a Ketaren Gwari suna jiran in gama wa ɗayansu ƙofa. Mai ƙofar ya miƙo mini waya, yana nuna mini wani bidiyo. Jirgin ruwa ne a ƙasar Turawa, wata ƙatuwar na'ura ta zura masa ɗamara biyu ta ƙarƙashi, ta ɗaga shi sama, aka wanke, aka shafa fenti, aka mayar cikin ruwa. Duka bai wuce minti ɗaya ba.

"Baba," in ji shi, "ashe wannan ne aikin da aka ce ka ƙare ƙuruciyarka a kansa a ƙasashen waje? Ai ko ni a ba ni makullin injin nan, kafin azahar na gama."

Gam yana bushewa a hannuna, ban samu ba shi amsa ba. Ga amsar yanzu, gare shi da sauran irinsa.

Mahaifina kafinta ne a reluwe, kamar yadda nasa mahaifin ya biyo layin dogo ya sauka Minna. Da jirgin ƙasa na tafi Ikko ina saurayi, da zarto ɗaya a cikin jaka, na faɗa hannun wani mutumin Ghana mai gyaran jiragen ruwa. Masta muke ce masa. Ranar farko ya karɓe zarton ya ba ni wata ƙaramar guduma, kanta bai fi babban yatsa ba. Wata huɗu ban yanka katako ko ɗaya ba, sai ƙwanƙwasa cikin jirgi daga baki zuwa gindi, shi yana zaune can nesa yana cin gyaɗa. Inda jiki ke da lafiya guduma na cewa ƙwas, ƙwas. Inda ruwa ya shiga tsakanin fata da fata sai ta ce buf. In na wuce wuri mai ciwo ban zagaye shi da alli ba, sai ɓawon gyaɗa ya same ni a ƙeya. Gudumar nan tana cikin aljihun rigata har yau.

Jiragen da muke gyarawa ba irin kwalekwalen da kuka sani ba ne. Masu tafiya da iska ne. Akwai doguwar sanda a tsakiya, a kanta ake ɗaga babban yadi, iska ta tura. A ciki akwai gado, murhu, har makewayi. Masu su mutane ne da suka sayar da gida suka koma zama a kan teku. Na gyara wa wata tsohuwa da mijinta nasu, su biyu da kyanwa, sun yi kwana ashirin da wani abu ba su ga ƙasa ba, a cikin abin da bai fi tsawon motar bas ba. Na riƙa kallon kaurin jikin jirgin, bai kai yatsana ba, ina cewa a raina, wannan ne kaɗai tsakaninsu da zurfin da babu wanda ya taɓa ganin ƙarshensa. Har na tsufa abin bai daina ba ni mamaki ba.

Amma abin da ya kamata ku riƙe shi ne wanda ido ba ya gani. A ƙarƙashin irin wannan jirgi akwai wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi, a tsaye kamar wuƙa, ana ce masa kil. Shi ke hana iska kifar da jirgin. Shi ne kuma ke sa fitar da jirgin daga ruwa ya zama aikin masu hankali, domin a cikin ruwa kil ke riƙe jirgi, a tudu kuwa jirgi ne ke tsaye a kan bakin wuƙa. Kowace ƙasa da dabararta. A Ikko kan layin dogo muke jawo shi da keken ƙarfe, abin da ya sa ɗan reluwe ya ji kamar yana gida. A Abidjan mota mai ƙugiya ce. A Port Sudan na ga ana jan jiragen katako a kan gungume da aka shafa wa kitse. A bakin kogin Banjul kuwa ba a jan komai. Can teku na cikowa ta janye sau biyu kowace rana, sai a ɗaura wa jirgi sanda mai ƙarfi dama da hagu, Faransawa na ce musu sandunan gurgu, a jira ruwa ya tafi ya bar shi tsaye a kan rairayi. Ka yi aikinka da sauri, da yamma ruwa ya dawo ya ɗauki abinsa.

Da na dawo gida na ɗauka na rabu da kil ke nan. Ƙofa, gado, kujerar makaranta, wani lokaci in je tafkin Shiroro in toshe wa masunta kwalekwale da tsumma da kwalta. Sai wata safiya wani dattijo ya tsaya a ƙofar shago, da hular malafa da takalmin roba. Injiniya Danjuma ne, mutumin Maikunkele, ya yi ritaya daga aikin gine-gine a kudu.

"Alhaji, an ce ka san jirgin iska."

Na ce, "Injiniya, a Minna? Ko dai na sama kake nufi, ga filinsu can kusa da gidanku."

Bai yi dariya ba. Ya ce yana da ɗaya a Shiroro. Ya saye shi a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, ya ɗoro shi a tirela, mota mai ƙugiya ta sauke masa a ruwa. Shekaru yana yawo da shi a tafkin. Sai aka shiga shekarun nan marasa daɗi da hanyar wajen ta zama abin tsoro, mu ma masu gyaran kwalekwale muka daina zuwa, kasuwar kifi ta mutu. Damina uku jirgin na ɗaure ba wanda ya taka shi. Yanzu da abin ya lafa ya je ya tarar yana shan ruwa. Wani masunci ke kwarfe masa kowace safiya, kuma kowane mako bokitin na ƙaruwa. Ya nemi mai ƙugiya, babu direban da ya yarda ya kai babbar mota wajen, hanyar gangaren ma ruwan sama ya cinye ta.

"In bai fito bana ba," in ji shi, "baɗi sai dai mu nuna wa jikoki inda ya nutse."

Muka je. Tun daga kan tudu na hango shi, fari, sandarsa tsaye a tsakiyar baƙaƙen kwalekwale kamar balbela cikin shanu. Na hau na taka daɓen sama, inda ake tafiya, sai ya lotsa a ƙarƙashin ƙafata a gindin sanda. Na fito da guduma. Buf, buf, buf. Katakon da ke tsakanin fata biyu na fayiba, wato robar nan mai tauri da ake ƙera jikin jirgin da ita, ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi. A ciki kuma ruwa na tsattsafowa ta wajen kusoshin da suka riƙe kil. Wannan ba a gyara shi a kan ruwa.

Masuncin da ke kwarfe ruwan shi ne Barde, tsoho ne Gbagyi, siriri, tsarana ko ya ɗan girme ni. Da manomi ne, ruwan dam ya cinye ƙauyensu, ya koma kamun kifi a kan gonar ubansa. Kafin in sauko ya riga ya tara maza wajen arba'in, an jera gungume a bakin gaɓa, an kawo igiya. Haka suke yi wa manyan kwalekwalen fito: a ja su a kan ciki, a kife, a liƙe.

Na ɗaga hannu na ce kada kowa ya taɓa. Na zana musu kil a ƙasa da tsinke. Barde ya duba zanen ya dube ni.

"Mutumin Ikko, kana ce jirgi yana da ƙafa?"

"Ƙafa ɗaya, Barde. Tsawonta ya kai kafaɗarka."

"To wanda ya yi shi bai gama ba ke nan."

Aka fashe da dariya. Na bar su suka gama, sannan na tambaye shi ko ruwan nan na raguwa. Ya ce tun da aka gama girbi yake sauka, yatsa biyu a rana, wata rana uku, haka zai yi ta yi har damina ta kankama. Ashe tafkin nan ma yana da cikowa da janyewa irin na teku, sai dai nasa sau ɗaya ne a shekara. Dabarar Banjul za ta yi a Shiroro. Na koma Minna na sassaƙa sandunan gurgu biyu da icen ƙirya, na yi musu faffaɗan tafin ƙafa.

A nan na yi kuskurena, kuma ku saurara da kyau, don ba na jahilci ba ne, na sani ne. Na zaɓi wani lungu kusa da mashigar kwalekwale, babu iska, kusa da inda mota ke iya tsayawa da kaya. Na caka gora a ƙasan ruwan, na ji rairayi mai tauri. Barde ya girgiza kai.

"Nan ba kyau. Nan gonan doya ne. Sama yashi, ƙasa taɓo. Mu kai shi kan dutse."

"Wane dutse?"

"Inda muke sussukan dawa da. Yana can ƙarƙashi. In rani ya yi nisa yana fitowa."

Duk wanda ya yi aikin teku, abu na farko da ake cusa masa shi ne tsoron dutse. Rairayi aboki ne, dutse kabarin jirgi ne. Na ga jiragen da dutse ya farke kamar buhu. Na ce masa, "Barde, na yi wannan aiki a ƙasa biyar, ban taɓa ganin mai hankali ya kai jirgi kan dutse da gangan ba."

Ya ce, "To. Ni ƙasa ɗaya na sani." Ya ɗauki filafilinsa ya tafi duba koma.

Muka ɗaure jirgin a lunguna. Kwana shida kil ya taɓa ƙasa, na sauke sanduna, komai daidai. Na rataya igiya da ƙaramin dutse a bakin ƙofar ɗakin jirgin don in ga ko ya karkata. Kwana biyu igiyar na tsakiya. Safiya ta uku na zo na tarar ta kauce da faɗin yatsa huɗu. Na shiga ruwa na laluba da ƙafa. Sandar dama ta fasa ɓawon rairayin ta nutse har idon sawu, kil ɗin ma ya fara shiga, taɓo ya kama shi.

A teku, in ka yi kuskure da safe, da yamma ruwa zai dawo ya yafe maka. Wannan ruwan in ya tafi sai bayan wata biyar. Jirgin zai ci gaba da kwantawa har ya faɗi a kan haƙarƙarinsa, kan kututturan tsohuwar gona, in ma bai fashe ba, ruwan damina zai cika shi kafin ya ɗaga shi. Kuma kowace awa ruwan da zai taimake mu yana raguwa. Injiniya ya dubi igiyar, mutum ne da ya san ma'anar gini in ya karkata. Ya cire malafarsa ya riƙe a hannu.

Na tafi da ƙafata har inda Barde ke gyaran koma. Na tsuguna.

"Barde, gonar doya ce."

"Na sani. Ni na tada kunyoyin da hannuna."

"Mutanen nan arba'in, za su samu?"

"Waɗanda ka kora?" Ya ci gaba da ɗinkinsa har ya ƙulle zaren, sannan ya miƙe ya yi wata irin kuwwa da ta ratsa ruwa.

Kafin rana ta take sun taru. Muka kwashe duk abin da ke cikin jirgin, katifa, tukwane, batir, sarƙa. Na cire sandunan. Na ɗaura igiya a ƙololuwar sandar tsakiya na ba mutum goma a tudu, su ja jirgin ya kwanta gefe kaɗan don kil ya saki. Sauran suka shiga ruwa har ƙirji suka sa kafaɗa a ƙarƙashin cikinsa. Barde ya tsaya a kwalekwalensa ya ɗauko waƙa da Gbagyi, suna amsawa, a kan kowace amsa su ɗaga tare. Ina jin Yarbanci da Faransanci da Larabci, ina ciniki da Wolof, amma harshen garin da aka haife ni, ranar na tsaya a cikinsa kamar kurma. Ban san me waƙar ke cewa ba. Na dai sa kafaɗata inda aka sa, na ɗaga inda aka ɗaga. A amsa ta tara ko ta goma aka ji wani sauti daga ƙasa, irin na saniya in ta zare ƙafa daga laka, jirgin ya girgiza ya zame baya, yana iyo. Babu ƙugiyar da na gani a Abidjan da za ta yi wannan aiki da taushi haka.

Kwalekwale huɗu suka ja shi zuwa wani wuri da ni ban ga komai ba sai ruwa. Barde yana tsaye yana duban tudu, yana daidaita wata tsagar dutse da wani kututturen kuka. "Gaba kaɗan. Hagu. Tsaya." Ya miƙo mini gora. Na caka. Ƙwal. Na matsa taku uku, ƙwal. Na zagaye jirgin duka, zurfin bai canja ba ko da faɗin yatsa. Na yi aiki a wuraren da aka zuba siminti aka auna da na'ura, ba su kai nan daidaito ba. Muka nutsar da katakon ƙirya biyu da duwatsu a matsayin matashi, muka ɗaure jirgin ta kusurwa huɗu, muka mayar da sanduna.

Daga nan sai jira. Barde ya kafa kara a bakin ruwa yana yi masa tsaga kowace safiya. Kil ya zauna, igiyata ba ta motsa ba. Sai cikin jirgin ya fara fitowa, kore shar da gansakuka da ƙananan katantanwa. Mako na biyu mutane suka fara zuwa kallo daga ƙauyuka. Mako na huɗu ruwa ya sauka gwiwa, ga jirgi gaba ɗaya a sama, tsaye a kan ƙafa ɗaya da sanduna biyu, mutum na wucewa ta ƙarƙashinsa da ɗan sunkuyo. Barde ya zagaye kil ɗin sau biyu, ya dafa shi.

"Wallahi ƙafa ne," in ji shi. "Mutumin Ikko, wannan karon kai ne da gaskiya. Ɗaya da ɗaya."

Sannan dutsen ya fito. Faffaɗa ne, sumul, ya fi filin masallacin unguwarmu. A gefensa akwai ramuka masu santsi a jere, inda mata suka yi ta niƙa tun kakanni. Wata tsohuwa, yayar Barde, ta zo da sanda, ta wuce jirgin ko kallonsa ba ta yi ba, ta zauna a gaban rami na uku ta share lakar da tafin hannu. Na ga tashoshin jiragen ruwa manya, amma ban taɓa aiki a wurin da ya sa na rage murya ba sai nan.

Aikin kansa wata biyu ya ci. Muka kankare cikin jirgin, guduma ta nuna mini ƙuraje fiye da yadda na zata, na fasa kowanne, wani ruwa mai tsami ya fito, na wanke na bar wa rana. Fayiba ba ta son gaggawa. In ka rufe ta da danshi a ciki, ka binne ciwo ne da ransa. Kusoshin kil na zare su ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa cire biyu a tare, uku sun cinye sun zama kamar allura a tsakiya, wani maƙeri a bayan Kasuwar Kure ya yi mini sababbi. Daɓen sama na yanke fatarsa na kwashe ruɓaɓɓen katakon da cokali, na sa sabo.

Ina cikin liƙe ƙurajen ƙarshe hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu. Injiniya ya kasa zama, kullum yana bayana.

"Alhaji, a shafa fentin nan mana. Ruwa na zuwa."

Na ce sai gefen hagu ya ƙara kwana biyar. Ya juya wajen Barde. Barde ya ce ruwan sama na nan ba shi ke cika tafki ba, sai wanda ya sauka can arewa ya biyo kogi, kuma in yana tafe ruwan zai fara yin ja tukuna. "Kana da kwana goma. Ka bar mutumin Ikko ya yi abinsa." Wannan karon ban tambaye shi ƙasa nawa ya sani ba. Na yi kwana biyar ɗina, na shafa fenti hannu biyu. Rana ta tara ruwan ya yi ja. Ta goma sha ɗaya ya taɓa gefen dutsen.

Yadda ya tafi haka ya dawo, sai dai da sauri. Ya rufe ramukan niƙa, ya rufe matashin ƙirya, ya hau kil. Kowace safiya in shiga cikin jirgin in shafa gindin kusoshi da busasshen tsumma, in duba. Ƙura kawai. Wata ranar Talata da hantsi muna zaune a sama mu uku muna cin dafaffiyar gyaɗa, sai na ji wani ɗan motsi a ƙarƙashina, kamar numfashi. Igiyar da ta yi wata huɗu a tsaye cik ta fara lilo a hankali. Babu wanda ya ja, babu wanda ya tura. Ruwa ya karɓi abinsa.

Muka cire sandunan gurgu. Injiniya ya ɗaga yadin, iska ta cika shi da ƙara ɗaya, jirgin ya ɗan kwanta ya fara tsaga ruwa. Babu inji, babu hayaƙi, sai sautin ruwa a jikin da na shafa da hannuna. Barde ya zauna da filafilinsa a kan cinya, yana duban yadin, yana duban gaɓa na gudu baya. Can ya tsoma filafilin ya fara tuƙi.

Injiniya ya ce, "Baba, ai ba ya bukata."

"Na gani. Hannu ne bai saba zama ba."

Saurayin da ya nuna mini waya, ƙofarka ta bushe, ka zo ka ɗauka. In kana son makullin inji, ba ni da shi. Guduma ce da ni, da wata huɗu na ƙwanƙwasa, da kuma koyon tambayar wanda ya riga ka sanin ƙasan ruwa.

Da rani ya zagayo, Barde ya sa aka kira ni a waya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Dutse ya fito." Ya ce ruwan tsatsar da ya tsiyaya daga kil lokacin da muke wankewa ya kama dutsen, jan layi mai tsawon kamu biyu, wata shida a ƙarƙashin ruwa bai goge ba. Yana nan kusa da ramin niƙan mahaifiyarsa. Mata masu shanya kifi har sun raba wuri da shi: wannan ta shanya daga rami na uku, waccan daga ƙafar jirgi.